Direban sikeli na daskarar mani da kwamfuta: in rubuta nawa cikin kenel ko a waje?

Ɗan Argungu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni zuwa ga masana Linux, don Allah a yi haƙuri da tsawon bayani, so nike a gane matsalar daga tushe.

Ina aiki wani wuri da ake sayen shinkafa shanshera hannun manoma nan kusa da Argungu, ni ke kula da kwamfutar awo. Muna da babban sikeli na ƙasa wanda ake ɗora ma buhu biyar ko shida lokaci guda, shina haɗe da kwamfuta ta igiyar USB, kwamfutar kuma Ubuntu ce a kanta, wani nau'in Linux. Wanda ya sayar muna da sikelin ya haɗo da direba cikin filasha, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi magana da na'ura, irin wanda ake cusawa cikin kenel, zuciyar Linux da ke kula da memori da na'urori, sai ka harhaɗa shi da umarnin make sannan ka loda. Matsala ta farko duk sadda anka yi ofdet kenel ya canza, direban ɓacewa yake sai na sake harhaɗawa, wani lokaci ma ya ƙi haɗuwa sam. Wannan zan iya jurewa. Ta biyun ita ce ta hana ni barci: sikelin ga janareta yake, kwamfuta ga inbata, to in janareta ya mutu ko anka sauya layi, sikeli ya ɗauke ya dawo, sai kwamfutar ta daskare gaba ɗaya, maus ba ya motsi, fitilar Caps Lock tana ta ƙiftawa, babu abin yi sai danne maɓallin kashewa.

Satin da ya wuce haka ta faru ana tsakiyar awo, mutane sun taho daga fadama tun da sassafe da amalanke da babura suna layi cikin rana, awon mutum uku da ban riga na adana ba ya tafi. Dole lebura sunka sake sauke buhunan da anka riga anka jera sunka maido kan sikeli, wani dattijo yana tsaye da hularsa a hannu yana kallona yana tambaya ko awon farko da na biyu za su zo ɗaya. Wallahi abin ya tsaya mani a rai.

Na iya C da Python daidai gwargwado. Na karanta cewa ana iya rubuta direba a yusa sifes, wato ya gudu kamar kowace manhaja ba cikin kenel ba. Mi ne amfanin hakan na gaskiya, mi ne kuma illarsa? In zauna in koyi rubuta na kenel ko in bi ta waje?

Injiniya Gusau:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka cikin aikin. Ƙiftawar Caps Lock ɗin nan da ka gani alama ce kenel ya firgita ya tsaida komai, kuma yadda ka kwatanta abin ya yi kama da direban da bai iya rabuwa da na'ura ba, an zare na'urar an saki memorin da yake amfani da shi amma shi bai sani ba ya koma yana taɓawa.

Bari in fara daga ginin gidan. Firosesa na Intel da AMD yana da matakan izini, kenel yana zaune a mataki na 0, manhajojinka suna mataki na 3. Ka ɗauka kenel cikin gida ne, yusa sifes kuma zaure. Baƙon da ke zaure in ya yi ɓarna iyakarta zaure, a fitar da shi a share wuri a shigo da wani. Wanda kuwa aka kai har cikin gida aka danƙa ma makullin rumbu, in ya yi kuskure kowa ya shafa. Kowace manhaja tana da nata yankin memori da kenel ya shata mata, in ta miƙa hannu waje sai a kashe ta ita kaɗai. Direban kenel ba shi da wannan shingen, memori ɗaya suke ci da kenel ɗin kansa, ya rubuta inda bai dace ba sai ya lalata abin wani, wani lokaci ma ba a ganin ɓarnar sai bayan awa biyu a wani wuri da ba ruwansa da sikeli.

Kuma ba sikelinka kaɗai ba ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 2001 kan kod ɗin Linux ya gano kurakurai a ɓangaren direbobi sun ninka na sauran kenel sau 3 zuwa 7. A zamanin Windows XP an ce kashi 85 cikin 100 na faɗuwar da ake kai ma Microsoft rahoto daga direbobi take. Shi ya sa da Vista ta zo suka kwashe abubuwa da yawa zuwa waje, na sauti, na firinta, da babban kaso na direban allo. In ka taɓa ganin allon Windows ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo da saƙon cewa direban allo ya daina amsawa amma ya farfaɗo, to da can wannan shuɗin allo ne da ristat. Apple ma tun macOS Catalina a 2019 suka fito da DriverKit suna tura masu na'urori su fita daga kenel. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024 kuwa duniya ta gani da idonta, wani fayil ɗin ofdet na kamfanin manhajar tsaro CrowdStrike ya sa direbansu da ke cikin kenel ɗin Windows ya karanta memori inda babu, kwamfuta kusan miliyan 8.5 suka faɗi, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma da yake direban tare da kwamfutar yake tashi, ko an kunna sai ta sake faɗuwa, sai da aka bi da yawansu ɗaya bayan ɗaya ana goge fayil ɗin da hannu. Da a waje yake da manhajar ce kawai za ta mutu.

Bayan tsaro akwai sauƙin aiki, ni wannan ma ya fi jan hankalina ga mutum irinka da ke aiki shi kaɗai. A waje kana da kayan gano kuskure irin gdb da valgrind da strace, ka sa print ka gani nan take, in ya faɗi ka gyara ka sake kunnawa cikin daƙiƙa biyu. A ciki kowane kuskure ristat ne, babu laburaren C da ka saba da shi, babu Python, ga dokokin kulle da inda aka yarda ka jira da inda ba a yarda ba. Sannan matsalarka ta ofdet: Linux da gangan ba ya alkawarin cewa hanyoyin cikin kenel za su zauna yadda suke, suna canza su duk sadda suka ga dama su gyara direbobin da ke cikin kod ɗinsu, naka da ke filasha ba mai gyara maka. Amma ƙofar da ke tsakanin kenel da manhajoji Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya kafe a kan ba a karya ta. Ka rubuta yau da libusb, laburaren da ke ba manhaja damar magana da na'urar USB daga waje, shekara biyar nan gaba yana nan yana aiki. Firintoci ta manhajar CUPS, sikana ta SANE, duk a waje suke tafiya tun tuni.

Shawarata ka fita waje, kada ma ka yi dogon tunani.

Hajiya BK:

Salam. Malam Injiniya ya yi bayani mai kyau kuma kan sikeli ba ni da ja, amma tunda ɗan uwa ya tambayi illa, kuma ɗalibai na karanta wannan zaren, kada a tashi da fahimtar cewa waje ya fi ciki a ko'ina. Aikina netwok ne a nan Birnin Kebbi, na taɓa ɓangaren da abin ba shi da sauƙi haka.

Misalin zauren nan yana da ƙofar baya. Na'urorin da ake sokawa a ramukan PCIe na cikin kwamfuta irin su katin netwok, katin hoto da faifan ajiya na NVMe ba sa jiran firosesa ya kwashe musu kaya, suna rubutu kai tsaye cikin memori, abin da ake kira DMA. Direba ne ke gaya wa katin adireshin da zai zuba. To ka ga ko direban yana zaure, in ya ba katin adireshin da ba daidai ba katin zai tsallaka katanga ya zuba kayan a tsakar kenel, shingen da aka yi wa manhajar bai shafi katin ba. UIO, wata hanyar rubuta direba a waje, da ya shiga Linux 2.6.23 a 2007 yana ba ka rajistocin na'ura da sanarwar intarof, wato ƙararrawar da na'ura ke buga wa firosesa, a waje amma ba ya tsare wannan ƙofar. Sai da IOMMU, wanda Intel ke kira VT-d, AMD ke kira AMD-Vi, ARM kuma SMMU, shi ne ke tsayawa tsakanin na'ura da memori ya ce iyakarki nan. VFIO, wata hanyar direban waje, da ya shigo a Linux 3.6 a 2012 a kansa aka gina shi. In allon kwamfutarka ba shi da IOMMU ko an kashe shi a BIOS, kariyar da kake taƙama da ita rabi ce.

Na biyu, sake kunna direba ba ya nufin na'urar ta koma hayyacinta. Direba ya mutu yana tsakiyar aika umarni, sabon da ya taso bai san inda aka tsaya ba, dole ya iya maida na'urar farko, abin da ke kan hanya kuwa ya tafi. Ga sikeli ba komai, a sake karanta awo. Ga faifan ajiya da ake tsakiyar rubuta masa fayil magana ce daban.

Na uku jinkiri. Intarof dole a kenel zai fara sauka, shi zai tashi manhajar, ita kuma sai ta jira layinta wurin mai rabon lokaci, ta yi aiki, ta sake ƙwanƙwasa kenel. Kowace shiga da fita tana da kuɗinta, kuma kuɗin ya ƙaru bayan bayyanar raunin tsaron firosesa mai suna Meltdown a Janairun 2018 da aka raba taswirar memorin kenel da ta manhajoji. Duk wanda ya kwafi manyan fayiloli zuwa hadis ɗin Windows ta NTFS-3G, wanda ke tafiya kan FUSE a waje, ya san yadda firosesa ke wahala, har dai aka shigar da direban ntfs3 cikin kenel 5.15 a 2021.

Abin sha'awa kuma shi ne direbobin da suka fi kowa gudu a netwok a waje suke, amma ta wata hanya daban. Layin gigabit 10 in ana turo ƙananan faket, wato ƙunshin bayanai, masu bayit 64 yana kawo miliyan 14.88 a daƙiƙa, wato kowane faket kana da nanodaƙiƙa 67 ka gama da shi, a firosesa mai gigahaz 3 bugu 200 ke nan kacal. Ba za ka iya karɓar intarof kan kowanne ba. DPDK, kayan rubuta direban netwok a waje da Intel ta faro, sai ya ƙwace katin daga hannun kenel gaba ɗaya, ya ware kwar guda, wato ɗaya daga ƙwaƙwalen firosesa, ba ta aikin komai sai leƙen katin, akwai kaya, akwai kaya, dare da rana. Gudu kam akwai, amma kwar ɗin tana kashi 100 ko faket ɗaya bai zo ba. Na gwada a wata sabar gwaji da ke kan sola, fanka ta ɗauki kuka tun da na kunna, batirin da ke kai mu asuba ya fara ƙarewa tun tsakar dare, na kashe na koma hanyar kenel. Kuma katin ɓacewa yake daga idon Linux, ip ba ya ganinsa, tcpdump ba ya ganinsa, bangon wuta na kenel ba ruwansa da shi, duk abin da kenel ke ba ka kyauta sai ka gina naka. Wannan ita ce asarar da ba a cika faɗa ba, direban kenel yana raba na'ura ɗaya ga manhajoji goma, yana kwantar da ita in kwamfuta za ta yi barci ya tashe ta in an farka.

Ɗan uwa kafin ka rubuta layi ɗaya, cire direban filashar, soka igiyar, ka turo mana abin da umarnonin lsusb da dmesg suka nuna.

Ɗalibi daga Ƙaura:

Malamai barkanku, ni ɗalibi ne a Foli ta Ƙaura Namoda ina bin zaren nan da littafi a hannu. Wannan ba ita ce gardamar Farfesa Tanenbaum mai tsarin MINIX da Torvalds ta 1992 ba, da Tanenbaum ya ce tsarin Linux tsohon yayi ne? An koya muna MINIX 3 direbobinta a waje suke, tana da wata manhaja da aikinta kawai duba su, wanda ya mutu ta tashe shi. To in haka ne mi ya sa ba a maida dukkan direbobin Linux waje a huta ba?

Injiniya Gusau:

Ita ce ɗana, a Janairun 1992 aka yi ta, kuma har yau ba a rufe ba. Abin da ya karya gwiwar mutane lokacin shi ne ƙananan kenel na farko masu tura ayyuka waje irin Mach aika saƙo tsakanin manhajoji yana musu nauyi, sai Jochen Liedtke a Jamus ya zo da L4 ya nuna in an tsara da kyau nauyin yana raguwa ƙwarai. Daga zuriyarsa aka samu seL4 da aka tabbatar da ingancin kod ɗinsa ta lissafi a 2009. Tsarin QNX da ke cikin motoci masu yawa direbobinsa duk a waje suke. Wayar Android da ke hannunka ma tun siga ta 8 a 2017 aka ware kod ɗin masu ƙera waya na kyamara da sauti zuwa manhajoji daban, ƙaramin ɓangare ne ke cikin kenel. Linux kuwa direbobi ne suka fi yawa a kod ɗinsa, miliyoyin layuka da aka gina bisa zaton ana cikin gida, ba mai iya kwashe su. Hanyar da suka ɗauka ita ce rage kuskuren a inda yake, shi ya sa aka buɗe ma yaren Rust, mai tare kurakuran memori, ƙofa a kenel 6.1 ƙarshen 2022.

Hajiya gaskiyarki kan DMA, na tsallake shi don USB ne a gabanmu. A USB na'urar ba ta taɓa memori da kanta, mai kula da tashar USB ɗin ne ke yi kuma direbansa na hannun kenel, don haka shingen Ɗan Argungu cikakke ne.

Ɗan Argungu:

Na gode ƙwarai Yallaɓai, Hajiya Allah ya saka da alheri. Na dakata sai da anka tashi aiki bayan la'asar sannan na cire direban na soka igiya. lsusb ya nuna 1a86:7523, dmesg kuma ya rubuta ch341 ya ce an haɗa ttyUSB0, amma bayan ɗan lokaci sai ya ce an cire, ga wani suna brltty a layin. Ban gane wanga ba.

Hajiya BK:

Alhamdu lillahi, aikinka ya ragu sosai. Wannan lambar ta guntun CH340 ce, mai maida siriyal, tsohuwar hanyar tura bayanai ɗaya bayan ɗaya, zuwa USB, irin wanda ke kan allunan Arduino masu araha. Ma'ana sikelinka siriyal yake magana, kuma direban guntun yana cikin Linux tun da daɗewa, dubban mutane na amfani da shi ana zarewa ana sokawa kullum, ba ka buƙatar na filashar ko kaɗan, libusb ɗin ma ba ka buƙata. Abin da ya rage maka shi ne fahimtar yaren sikelin, wannan kuwa a waje ya kamata a yi shi dama.

Shi brltty manhaja ce ta makafi masu amfani da allon rubutun Braille, wata na'urarsu tana amfani da wannan lambar, shi ya sa a Ubuntu 22.04 yake ƙwace tashar da zarar ta bayyana. In ba mai buƙatarsa a kwamfutar ka cire shi da apt. Ka sa sunanka cikin rukunin dialout, masu izinin tashar siriyal, don kada ka riƙa gudanar da manhajar da ikon root, wato cikakken iko kan kwamfutar, in ka ba ta root ka rushe rabin shingen da hannunka. Ka tabbata tsohon direban ya fita gaba ɗaya, ka sa sunansa a jerin hani cikin /etc/modprobe.d don kada ya sake lodawa.

Daga nan buɗe tashar da minicom ko screen, fara da gudun 9600, ɗora buhu ka ga abin da ke fitowa. Yawancin kawunan sikeli layin rubutu suke turowa a jere, nauyi da wata alama da ke nuna awo ya tsaya ko yana rawa, in ka ga shirme canza gudun. Lura da 9600 ɗin nan bayit 960 ne a daƙiƙa, duk maganar jinkiri da na yi a sama ba ta shafe ka ba, Python da pyserial sun isa har da saura.

Abu uku zan roƙe ka. Kada ka karɓi awo sai alamar tsayawa ta zo. Ka rubuta kowane awo cikin rumbun bayanai na SQLite nan take kafin a buga rasit, kada ka tara a memori. Kuma in karatu ya yanke manhajar ta rufe tashar ta riƙa gwada buɗewa duk bayan daƙiƙa ɗaya, ka sa ta ƙarƙashin systemd, mai kula da manhajojin da ke gudu a Linux, da Restart=always don ko ita ta faɗi a tashe ta. Yi amfani da sunan da ke cikin /dev/serial/by-path maimakon ttyUSB0, saboda in sikeli ya ɗauke ya dawo da sauri yana iya zama ttyUSB1, sai dai kada a canza ramin da ake soka igiyar, ka manna masa tef ka rubuta a kai.

Ɗan Argungu:

'Yan uwa ga bayanin yadda ta kaya. Na cire brltty tashar ta zauna, 9600 ɗin ne kuwa, layin na zuwa da ST in awo ya tsaya, US in buhu na rawa, sai nauyi da kg a ƙarshe. Manhajar ba ta kai layi 90 ba. Jiya da dare na sa yaron janareta ya kashe ya kunna har sau goma sha biyu ina zaune gaban allo, kowane karo sai ta rubuta sikeli ya ɗauke da jan rubutu, in ya dawo lambobi su ci gaba, maus na motsi, Caps Lock bai ƙifta ba ko sau ɗaya. Sau guda ta faɗi don rabin layi ya zo babu lamba, systemd ya tashe ta kafin in kai hannu, na ga kuskuren cikin journalctl na gyara da safe.

Yau mun auna tun ƙarfe takwas, janareta ya mutu sau biyu, na biyun akwai buhu shida kan sikeli, munka jira ya tashi awo ya fito anka buga rasit ba wanda ya sauke komai.

Saura firintar rasit, ita ma da nata direban na filasha ta zo, na ga an rubuta ESC/POS, yaren umarnin firintocin rasit, a gindinta. Yallaɓai ita ma in tura mata umarni kai tsaye ta /dev/usb/lp0 ko in bi ta CUPS?